Akwatin da Kawu Ya Ƙera

Kawuna, yayan Umma, bai taɓa jin ƙarar injin walda ba, ko da yake da shi ya ci abinci har ya yi furfura. Zazzaɓi ne ya tafi da jinsa tun yana goye, kafin ya iya kiran sunan kowa, don haka maganar baki ma ba ta zauna masa ba. A layinmu Mai Walda ake ce masa. Baƙi kan ce Kurma, amma ba a gaban Umma ba, domin takan tsayar da mutum ta tambaye shi ko shi ma da larurarsa ake kiransa a gidansu.

Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, bango ɗaya da shagon Kafinta. A nan yake ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje. Idan ya tayar da injin yanka, yakan ɗora tafin hannunsa a kan teburin aiki ya ɗan karkata kai. Ta nan yake sanin ko injin yana tafiya daidai ko wani abu ya kwance a cikinsa. Bai yi makaranta ba, bai iya karatu ba. Mai son aiki sai ya zana masa a ƙasa da tsinke, ko ya ja shi har gida ya nuna masa gurbin. Kawu ya auna, ya riƙe awon a kansa, ya dawo ya yanka ƙarfe.

Ra'ayinsa game da kaya guda ɗaya ne: duk abin da ke da daraja, ƙarfe ya kamata ya tsare shi. Mitar wutar gidanmu tana cikin keji. Kan famfon tsakar gida yana da hular ƙarfe da kwaɗo. Har ƙwan fitilar ƙofar gida ya yi wa raga. Umma takan ce mini, "Da zai samu yadda yake so, ni da ke ma da tuni muna cikin keji, ana miƙo mana abinci ta taga."

Shi da Kafinta sun tsufa suna tsokanar juna a kan wannan. In Kafinta ya fito da sabuwar kujera, Kawu sai ya zo ya zagaya ta, ya haɗa yatsunsa yana motsa su kamar bakin gara, ya nuna ƙafar kujerar. Kafinta kuma ya je ya goga yatsa a ƙofar da Kawu ya gama, ya duba yatsan yana yatsina fuska, wai tsatsa. Yana yi da hannu yana yi da baki, don masu wucewa su ji. "Ku gaya wa tsohon nan, damina biyu ta ishi kayansa." Duk da haka shi ke karɓar wa Kawu saƙo, shi ke tsaya masa in mai aiki ya zo da rigima. Kawu kuwa bai taɓa sa ko benci na katako a gidanmu ba.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, wadda nake kira Yaya. Ni da Umma kuma muka dawo gidan bayan rasuwar mahaifina, ina ƙarama. Yaya a shago ta tashi, a kan wani benci na ƙarfe nesa da tartsatsi, kuma hannunta ya riga bakinta iya magana. Maganar hannun da ke tsakaninsu ba wadda ake koyarwa a makaranta ba ce. Su biyu suka gina abarsu, kalma bayan kalma. Umma, duk da ciki ɗaya suka fito da shi, abin da ta iya bai wuce na yau da kullum ba: ci, zo, tafi, ciwo, baƙo. Yaya kuwa takan ba shi labarin mafarkin da ta yi, ya yi mata fassarar ƙarya, su yi ta dariya. Sunanta a hannunsa shi ne ya taɓa haƙoransa na gaba da yatsa, saboda wushiryarta. Nawa kuma ya rufe rabin fuska da tafi, don tun ina yarinya ba na iya haɗa ido da mutane. A wurin Yaya na koyi ɗan abin da na iya, kuma ya zo mini da sauƙi fiye da maganar baki.

A wurin Kawu ido shi ne kunne. Duk wanda ya zauna da shi ya san doka ɗaya: ba a kawar da kai yana cikin magana. In ka juya fuska ko ka runtse ido, ka toshe masa baki ke nan, kuma ba shi da muryar da zai ɗaga ya dawo da kai. Akwai wani ɗan kwangila da Kawu ya daina yi wa aiki har yau, saboda mutumin ya duba agogonsa Kawu yana tsakiyar bayani.

Yaya ta karanta aikin jinya, ta samu aiki a wani asibiti a ƙasa mai nisa. Kawu ne ya fara cewa ta tafi. Abin da ya dame ta shi ne yadda za su riƙa magana, tunda kiran murya ba shi da amfani a wurinsa, saƙon rubutu ma haka. Kiran bidiyo kaɗai ya rage, gidanmu kuwa a kwari yake, sabis ɗin waya da ƙyar yake leƙowa. Kafin ta tafi sai ta sa aka kawo intanet na gida. Ma'aikata suka kafa wani ɗan faranti a kan rufi, suka ja kebul zuwa falo, suka jona shi da wata farar na'ura mai ƙahoni biyu da ƙananan fitilu kore. Rauta suke ce mata. Ita ce ke watsa waifai a cikin gida, wayoyinmu su kama ba tare da igiya ba. Yaya ta saya wa Kawu waya mai faɗin fuska, shi kuma ya ƙera wa wayar mazauni don hannuwansa biyu su samu sakewa. Ranar tafiyarta ta kai shi gaban teburin da aka ɗora rautar, ta ce masa da hannu, "Ta nan zan riƙa shigowa. Ka kula da ita."

Ni a lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, labarin watannin farko a bakin Umma na ji shi. Ta ce duk ranar hutun Yaya, Kawu zai rufe shago da wuri, ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya zauna a ɗakinsa kusa da taga inda haske ke sauka a hannunsa. Su yi ta hira har rana ta yi ja. Yaya ta zagaya da wayarta ta nuna masa ɗakinta, ya sa ta matso da ita kusa da ƙofa, ya duba, ya ce wanda ya yi waldar nan bai cancanci abincin rana ba.

Sai abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Kyanwar Umma ta biyo ƙadangare ta kan tebur, ta ture rautar ta faɗo tana reto a jikin kebul. Ba abin da ya same ta, amma a gaban Kawu aka yi. Sa'an nan idonsa ya fara ba shi wahala. Shekara da shekaru yana kallon wutar walda, wani lokaci da gilashi, wani lokaci da tafin hannu kawai yake karewa. Umma ta kai shi asibiti. Likita ya ce can cikin idon ne ya lalace, magani zai rage wa abin gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Ya hana shi walda.

Umma ta isar masa da maganar iyakar abin da hannunta ya iya, ya gyaɗa kai. Washegari ya tafi shago ya yi aiki ɗaya na ƙarshe. Akwati ne na ƙarfe mai kauri, daidai girman rautar da ƙahoninta, da ƙofa da kwaɗo. Ya huda ƙaramin rami a baya don kebul, da wasu 'yan huje a ƙasa don zafi ya fita, domin ya lura na'urar tana ɗumi. Kafinta ya ce rabin aikin da lalube ya yi shi, yana bin layin waldar da yatsa bayan ya huce. Ya goge shi sumul, ya shafa masa shuɗin fenti, kalar da Yaya take so, ya ɗaure shi a bango can ƙasa a kusurwar falo. Makullin ya rataya a wuyansa. Daga ranar bai sake kunna injin ba.

A makon ne damina ta sauka, don haka da kira ya fara lalacewa kowa ya ɗora wa ruwa laifi. Umma ta ce kamfanin ne. Yaya ta ce wataƙila daga wajenta ne. Hoto ya riƙa tsayawa, hannun Yaya ya daskare a iska, sa'an nan ya yi tsalle ya koma wani wuri, rabin maganar ta ɓace. Mai ji yana iya haƙura da hoto mara kyau tunda murya tana zuwa masa. Kawu ba shi da wannan.

Ranar da ya yi niyyar gaya mata maganar likita ita ce ta fi muni. Umma tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce ya nuna idonsa, ya kwatanta rana tana gangarawa, yana yi a hankali don kada wani abu ya wuce ta. Yana cikin haka hoton ya tsaya, kuma ya tsaya ne daidai lokacin da Yaya ta juya gefe. Ya ci gaba da magana da gefen fuskarta. Ya ɗaga hannu yana kaɗawa, yadda yake yi in yana son a dube shi. Ba ta juyo ba. Sai fuskar wayar ta yi baƙi.

Ya kife wayar a kan gado. Da ranar hutu ta zagayo bai yi wanka da wuri ba, bai sauya riga ba. Umma ta kai masa wayar, ya ture. Ta nuna ta tana yi masa alamar abin da ya lalace. Ya nuna idanunsa da yatsa biyu, wato na gani da kaina. Sa'an nan ya taɓa haƙoransa na gaba, ya juya kansa gefe. Yaya ta ɗauki bidiyon kanta ta aiko, da ƙyar ya sauka, ya ƙi kallo.

Haka na dawo gida na tarar da su bayan na gama karatu. Kawu ya rame. Kullum yana fita shago, amma zama kawai yake yi a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa. Sai na matso sosai ya gane ni, ya rufe rabin fuskarsa da tafi, ya ɗan murmusa.

In zan yi magana da Yaya sai na hau bakin titi inda sabis ya fi kamawa. Wata rana ta ce, "Ƙanwata, kada ki ɓoye mini. Yaya idon?"

"Yana gane mutum in ya matso. Da rana ya fi gani."

"Ranar nan fa kwata-kwata ban ga abin da ya ce ba. Hotonsa ne ya tsaya mini, na juya in duba nawa waifan, ina dawowa kira ya yanke. A bakin Umma na ji maganar likita." Ta ci gaba, "Ba za su ba ni hutu ba sai shekara ta zagayo. In na zo ya riga ya daina gani fa? Ba fushinsa nake tsoro ba. Ba na son abin da zai gani na ƙarshe a wurina ya zama na kawar masa da kai."

Na ce mata zan duba.

Ɗakina shi ne na ƙarshe a gidan, waifai ba ya isa can ko kaɗan. Amma na lura da wani abu. Kowace safiya, ina cikin gyaran gado, sai wayata ta kama rawa, saƙonnin jiya duka su zubo lokaci guda. Bayan ɗan lokaci ta yi tsit har wata safiyar. Da farko na ɗauka sabis ne ya fi kyau da safe. Sai wata rana abin ya same ni a falo ina ninke wanki. Wayar ta fara rawa a kan kujera, na ɗaga kai, na ga Kawu durƙushe a kusurwa. Ƙofar akwatin a buɗe take, yana goge rautar da wani tsumma mai laushi. Ashe duk fushin nan bai taɓa fashin wannan ba. Ya goge jikinta, ya goge ƙahonin ɗaya bayan ɗaya, ya kai fuskarsa kusa har sai da ya ga koren fitilun, sa'an nan ya mayar da ƙofa ya datse kwaɗo. Ina kallon wayata, layukan waifai suka riƙa zubewa har saura ɗaya.

Sai na tuna laburaren jami'a. Akwai wani ɗaki da ake ajiye tsofaffin mujallu a cikin manyan kabad na ƙarfe. Duk wanda ya shiga tsakaninsu waifai yake rabuwa da shi, shi ya sa ɗalibai ke cunkusuwa a bakin ƙofa da kwamfutocinsu a cinya. Ma'aikacin wurin yakan ce mana abin yana ratsa katako da labule, yana wahala da bango mai kauri, amma ƙarfe mayar da shi baya yake yi.

Na samu Umma a kicin. Na ce, "Umma, ba ruwan sama ba ne, ba kamfani ba ne. Akwatin Kawu ne."

Ta ajiye ludayi. "Akwatin me ya yi?"

"Ƙarfe ba ya barin abin ya fito. In ya buɗe da safe komai yana tafiya daidai."

Ta rufe tukunya. "To ki riƙe bakinki. Mutumin nan da ragowar idonsa ya yi akwatin nan. Ki je ki ce masa shi ya ɓata? Bari ya fita, mu san yadda za mu zare abin mu sa a wani wuri."

"Makullin yana wuyansa. Kuma ko mun gyara ba zai zauna gaban wayar ba, tunda yana ganin Yaya ce ta kawar masa da kai. Sai ya san ba ita ba ce."

"Ke da ba kya iya cewa mai kayan miya ya ƙara miki albasa, ke za ki gaya masa?"

Gaskiya ta faɗa.

Da rana na je wurin Kafinta, lokacin da Kawu ya shiga gida cin abinci. Yana jin bayanin ya fara dariya. "Na sha faɗa, ƙarfe ba abin arziki ba ne." Sai dariyar ta tsaya masa. Ya dubi bencin da Kawu ke zama, ya share zufa da gefen riga. "Ashe abin da ke cin sa ke nan. 'Yata, kada ki ce za ki yi masa bayani. Tun muna samari mutumin nan ba ya karɓar bayani, ko na waye. Injinsa ma da tafin hannu yake sauraronsa. Ki sa masa abin a hannu."

Na shirya da Yaya cewa washegari da safe ta yi ta turo mini saƙo ba ƙaƙƙautawa, ko da ɗigo ne kawai. Umma ta ce ita babu ruwanta, amma da gari ya waye na same ta zaune a falo tun kafin Kawu ya fito.

Ya durƙusa ya buɗe akwatin, ya fara gogewa. Na taɓa kafaɗarsa, na ce masa ya bar shi a buɗe ya zo. Ya dube ni da mamaki, amma ya biyo ni. Na zaunar da shi a ɗakinsa, a kujerarsa ta bakin taga. Daga nan, in ƙofar ɗakin tana buɗe, ana hango kusurwar falo, kuma shuɗin fentin yana cikin abubuwan da idonsa ke iya kamawa. Na sa masa wayata a tafi. Tana ta rawa, ɗaya na bin ɗaya. Na taɓa haƙorana na gaba, na nuna wayar.

Ya yunƙura zai janye hannu. Na riƙe shi. Ban taɓa riƙe hannun Kawu haka ba, duk kanta ne da tabon ƙuna. Na ɗaga wa Umma kai, ta tura ƙofar akwatin ta rufe.

Wayar ta yi shiru. Muka jira. Can ta yi motsi ɗaya, ta sake yin shiru. Na sake ɗaga wa Umma kai, ta buɗe. Ba a jima ba wayar ta ci gaba da rawa kamar an kwance mata ɗauri.

Kawu ya ɗago ya dubi kusurwar. Ya yi wa Umma alama da kansa, rufe. Ta rufe. Buɗe. Ta buɗe. Ya sa ta yi haka har ta fara ƙunƙuni tana cewa gwiwarta ba ta yarinya ba ce. Sa'an nan ya tashi da wayar a hannu, ya je da kansa ya rufe, ya dawo ya zauna ya jira. Ya sake tashi ya buɗe. Kafin ya iso kujera wayar ta kama rawa a hannunsa.

Ya tambaye ni, "Me ke fitowa? Babu igiya."

Na rasa kalmar, domin shi da Yaya ba su taɓa ƙirƙiro ta ba. Na ce, "Haske ne, amma ido ba ya ganinsa."

Ya yi tunani. Sai ya ɗaga tafinsa a gaban fuska, yadda yake kare kansa daga wutar walda, ya nuna akwatin. Na gyaɗa kai.

Daga nan ya taɓa haƙoransa, ya juya kansa gefe a hankali, ya dawo da idonsa kaina yana jira. Na ce, "Hoto ne ya tsaya. Ita ma naka ya tsaya mata. Ba ta ga abin da ka ce ba. Tana can tana nemanka."

Ya ajiye wayar a cinya. Ina jin Umma tana jan hanci a falo. Da ya ɗaga hannu, abu kaɗan ya ce. Ya nuna ƙirjinsa, ya taɓa haƙoransa, ya kwatanta rufe ƙofa da murɗa makulli. Wato, "Ni na kulle ta."

Umma ta taso ta tsaya a gabansa, ta nuna akwatin, ta yi masa alamar kyau, ta sake yi. Ya kama hannun nata ya sauke shi a hankali. Ya cire makullin daga wuyansa ya ba ta. Ya ɗauko sukudireba, ya kwance akwatin daga bango da lalube, ya fito da rautar ya ɗora a kan tebur inda Yaya ta bar ta. Kyanwa ta zo wucewa, ya bi ta da kallo. Sai ya sa takalmi ya fita, na bi bayansa.

Shagon Kafinta ya shiga. Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke, ya yi zane a ƙasa kamar yadda masu kawo masa aiki suke yi. Ɗan kanta ne da za a kafa a bango can sama, gabansa a buɗe, da siraran sanduna don kada kyanwa ta samu wurin tsayawa. Ya ɗauki guntun katako ya ɗora a kan zanen.

Kafinta ya buɗe baki ya juya wajen titi, na san so yake ya tara jama'a su zo su ga wannan rana. Sai ya fasa. Kawu ne da kansa ya haɗa yatsu ya yi bakin gara, ya ɗaga kafaɗa.

Kafinta ya ce mini, "Gaya masa katakon da zan sa, garar da za ta ci shi ba a haife ta ba. Kuma ya riƙe kuɗinsa, duk tsatsa ne." Bai jira na fassara ba, ya yi masa da hannu da kansa.

Kafin azahar ya kawo aikin. Muka kafa shi a baranda tsakanin falo da ɗakuna, sama da kan mutum, inda babu abin da ya tare shi, muka ɗora rautar a kai. Kawu ya bi mahaɗan da yatsa, ya ce ɗaya ya karkace. Kafinta ya ce idon da bai ga gabansa ba ne zai ga karkata, sa'an nan ya ciji leɓe ya dube ni. Na fassara wa Kawu duk da haka, domin ya tambaya. Ya yi dariya, karo na farko tun dawowata.

Ranar hutun Yaya ya yi wanka da wuri, ya sa farar riga, ya zauna a bakin taga. Na ɗora wayar a mazauninta na danna kira. Hoton ya fito tas, har ana ganin wushiryar. Suka kalli juna. Da Yaya ta fara, sai ya tsayar da ita. Ya ba ta labarin tun daga farko: kyanwa da ƙadangare, ƙarfen da ya zaɓa, fentin, makullin. Ya kwaikwayi kansa yana datse kwaɗo yana jin ya yi abin kirki. Yaya tana dariya hawaye na zuba, kuma ba ta share ba. Ta bar su suna gangarowa har haɓa, don kada hannunta ya rufe mata ido ko sau ɗaya.

Sa'an nan ya nuna idonsa, ya fara maganar likita daga farko, ko da yake ya san ta riga ta ji. Ta zuba masa ido. Na tashi na ja musu ƙofa.

Ganin nasa ya kai su har bayan damina, ya ɗan wuce. Yaya ta koma sa baƙar riga in za ta kira, ta zauna inda haske ke dukan hannunta, tana yin kalmomin manya-manya a hankali. Wani ɓangare na kowace hira sun ba da shi ga aiki: suna sauya kalmominsu zuwa waɗanda za a iya yi a cikin tafin mutum, ni kuma suna gwadawa a hannuna. Kawu ya fi mu tsanani a wannan, in na yi kuskure sai ya ɗan murɗe mini yatsa. Lokacin da ta samu hutu ta zo, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ta zauna a gabansa ta sa hannuwanta cikin nasa, suka ɗora hira daga inda suka tsaya.

Yanzu ta koma bakin aikinta. Akwatin shuɗin yana ƙarƙashin benci a shago, Kafinta yana zuba ƙusoshi a ciki, wai a nan ne kaɗai ya ga amfanin ƙarfe. Kowace safiya Kawu yana bin bangon baranda da hannu har ya kai ga kantan, ya miƙa tsumma ya goge ƙahonin, ya ɗora yatsa ya ji ɗumin na'urar. Ranar hutun Yaya yana yin wanka da wuri, ya sa riga mai tsabta, ya zauna a bakin taga. Ita tana ganin duk abin da ya ce. Amsarta ni nake karanta ta a fuskar wayar, in sa masa a tafi.

Kafin ya fara, kullum sai ya lalubo hannuna ya tambaya, "Tana kallo?" In duba in tabbatar hoton yana motsi, in matsa masa yatsa. Sai ya gyara zama, ya fuskanci wayar, ya taɓa haƙoransa na gaba.